Ciwon diddige da ke tarbar mutum da asuba: amsa ga Hajiya mai waakye a Aboabo

Tambayar ta wata Hajiya ce mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a Aboabo, nan Kumasi, 'yarta ce ta rubuto a madadinta. Shekarunta 48, kuma wata biyar ke nan diddigenta na dama yana ciwo. Da asuba in ta sauko daga gado za ta yi alwala, sai ta ji kamar ta taka ƙusa. In ta ɗan yi kai-kawo sai ya lafa, da yamma bayan ta tashi daga sana'a ya dawo. An ɗauki hoton ƙafar, aka ce wani ɗan ƙashi ya tsiro kamar ƙaya. Wasu sun ce ta je a yi mata allura a diddigen, wasu sun ce sai an yi aiki, wata maƙwabciya kuma ta ce wani abu ta taka. Ta rufe da cewa: "Yaya zan yi, alhali in ban tsaya a kan tukunya ba, ba a ci a gidan?"

Hajiya, sannu, Allah ya ba ki lafiya. Ni aikina gashin ƙashi ne da motsa gaɓoɓi, kuma da wuya mako ya wuce ban riƙe diddige irin naki a hannuna ba. Yadda kika kwatanta shi, musamman wannan takun farko na asuba, shi ne tambarin ciwon da likitoci ke danganta wa filanta fashiya. Ni tsarkiyar tafin ƙafa nake ce mata in ina yi wa mutanenmu bayani, domin da baka ta yi kama.

Ki dubi tafin ƙafarki daga gefen ciki. Ƙasusuwan sun yi lanƙwasa kamar baka, tsakiyar ba ta taɓa ƙasa sosai. Abin da ya riƙe wannan lanƙwasar wata jijiya ce mai faɗi da tauri, ta taso daga ƙashin diddige ta bazu zuwa gindin yatsu biyar. Duk takun da kika yi, nauyinki yana danne bakan, tsarkiyar tana ɗamewa ta hana shi bajewa. In kina son ki ji ta da hannunki, ki zauna ki ɗora ƙafar a kan ɗaya gwiwar, ki ja babban yatsa sama, ki shafa tafin da ɗaya hannun. Za ki ji wata igiya ta miƙe tsam. Ki bi ta baya har inda ta kama ƙashin diddige, ta ɓangaren ciki, ki danna. Yawancin masu wannan ciwo a nan suke zabura su ce, "Yauwa, nan ne."

Da can ana ɗauka kumburi ne kawai. A 2003 wasu likitoci a Amurka suka duba naman da aka ciro daga mutum 50 da aka yi wa aiki saboda wannan ciwo, suka tarar zaren jijiyar ne ya gaji ya fara lalacewa, kumburin da ake zato kuwa babu shi. Ki tuna igiyar guga, daidai inda take gogar bakin rijiya kullum. Ba ta tsinke ba, amma zarenta ya fara barbajewa. Wannan ne ya sa ƙwayar kashe zafi takan rage ciwon na yini guda, gobe ya dawo yadda yake. Shi ne kuma ya sa asuba ta fi tsanani: in mutum yana barci ƙafa takan saki ta nuna ƙasa, tsarkiyar ta takure dare guda, sai ki tashi ki ɗora mata nauyin jiki gaba ɗaya a taku guda, ba sallama.

Batun ɗan ƙashin da aka gani a hoto, ki kwantar da hankalinki. Na san kalmar ƙaya tana tayar da hankali, mutum ya riƙa jin kamar wani tsini ne ke sokarsa daga ciki duk lokacin da ya taka. To shi wannan ƙashi ba ƙasa yake kallo ba, a kwance yake, yana nuna wajen yatsu. Mutane da yawa suna da shi ba su taɓa jin ciwon diddige ba, sai an ɗauki hoto don wani dalili a gan shi. Waɗanda suka warke sarai kuma, in aka sake ɗaukar hoton, ƙashin yana nan inda yake. Shaida ce kawai cewa wurin ya daɗe yana shan ja. Saboda shi kaɗai ba a yanka ƙafa.

Me ya kawo shi? Ki lissafa yininki. Kin tashi tun dare bai gama ba, kin tsaya a kan wuta, kin tsaya wajen miya da shito, kin tsaya kina zuba wa masu saye har rana ta take, duk a kan siminti, kuma ina kyautata zaton da silifas ɗin nan na roba, chale wote, wanda ya sha taku har ya zama kamar faifai. Abubuwa uku ne bincike ya fi nunawa: doguwar tsayuwa a wurin aiki, ƙaruwar nauyin jiki, da taurin sharaɓa, wato idon sawu ya kasa lanƙwasowa sama yadda ya kamata. Ya kuma fi kama 'yan shekara 40 zuwa 60. Shi ya sa nake ganinsa wajen masu shago a Kejetia, da malaman makaranta, da wanzamai masu aski a tsaye, da makanikan Suame Magazine, da 'yan matan nan kayayei da ke yini da kaya a ka.

Akwai tambayar da nake yi wa kowa, ke ma ki yi wa kanki: me ya canja kafin ciwon ya fara? Wata takan tuna an sa mata tayil a ɗaki. Wata ta ƙara tukunya ta biyu saboda ciniki ya buɗe. Wani bayan tsayuwar tarawihi da tahajjudi ya fara ji. Alhazai ma da dama da shi suke dawowa, domin safa da marwa kaɗai ya haura kilomita 3, ga ɗawafi, a kan daɓe mai tauri, ga wanda a gida bai saba doguwar tafiya ba. In kin gano abin da ya canja, kin san inda za ki fara ragewa.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe, ko da sauran duk sun kuɓuce miki. Kada ƙafarki ta taɓa ƙasa da asuba sai kin miƙar da tsarkiyar da hannu. Ki zauna a bakin gado, ki ɗora ƙafar mai ciwo a kan ɗaya gwiwar. Ki kama yatsun duka daga gindinsu, ba daga kan farce ba, ki ja su baya wajen ƙwauri a hankali har ki ji tafin ya ɗame. Da ɗaya hannun ki taɓa ki tabbatar igiyar nan ta miƙe. Ki riƙe gwargwadon Subhanallahi goma ba gaggawa, ki saki, ki sake. Sau goma. Duka-duka minti biyu ne ko uku. Ja za ki ji, ba suka ba; in ya kai ga cije baki, kin wuce gona da iri, ki sassauta. Sau uku a yini ake yi: kafin takun farko, sannan duk lokacin da kika daɗe a zaune za ki miƙe, sai kuma da dare. An gwada wannan miƙarwa a 2003 a kan mutanen da ciwon ya haura wata goma yana damunsu, bayan mako takwas waɗanda suka yi ta sun fi samun sauƙin takun asuba a kan waɗanda suka miƙar da agara kawai. Na san lokacin asubarki a ƙididdige yake, wake na jira. Amma minti ukun nan ya fi duk abin da za ki sayo a kemis.

Sharaɓa ma tana son nata rabon, domin agara da tsarkiya ƙashi ɗaya suka kama, ɗaya ta baya ɗaya ta ƙasa, in ta sama ta yi tauri ta ƙasa ce ke biyan bashin. Ki fuskanci bango ki dafa shi, ƙafa mai ciwo a baya, diddige a ƙasa, yatsu suna kallon bangon sak. Ki tura ƙugu gaba har ki ji ja a bayan ƙafa, ki ƙirga 30. Sau uku gwiwa a miƙe, sau uku gwiwa a ɗan lanƙwashe. Ki yi da takalmi a ƙafa.

Takalmi kuwa, a nan ne mata suka fi yi mini gardama, kuma na fahimta. Wurin girki akwai ruwa, ga alwala sau biyar, ga zafi, wa zai ɗaura kambas? Amma wanda ke tsaye awa bakwai ko takwas, takalminsa kayan sana'a ne kamar tukunya da ludayi. Ba sai mai tsada ba. In kin shiga Kejetia, ko wajen masu na hannu, ki gwada shi da hannu kafin ƙafa. Ki kama gaba da baya ki lanƙwasa: in ya karye a tsakiya kamar tabarma, ki ajiye, wanda ake so a wajen yatsu kaɗai yake lanƙwasuwa. Ki murɗa shi kamar za ki matse wanki, ya kamata ya yi miki gardama. Diddigensa ya ɗan fi gaba tudu, kamar santimita 2 zuwa 3, da laushi amma ba mai nutsewa ba. In na hannu ne ki juya ƙasansa, wanda ya cinye ta gefe guda ya riga ya ɗauki takun mai shi na farko, ki bar shi. In kambas ya gagara, sandal mai kauri da maɗauri a baya ya fi silifas nesa ba kusa ba, domin silifas sai yatsu sun ƙanƙame shi yake zama.

A gida ma kada ki taka siminti ko tayil ƙafa ba takalmi, ko daga gado zuwa bayi ne. Ki ajiye mai kauri a gindin gado tun da dare. Akwai ɗan matashin diddige na silikon da ake sayarwa a manyan kemis, yana taimaka wa da yawa. In za ki sa, ki sa a ƙafa biyu don kada tsayinsu ya bambanta. Shimfiɗar cikin takalmi da ake aunawa a yi wa mutum tasa ta musamman tana da tsada, kuma a gwaje-gwajen da aka yi ba ta nuna ta fi ta kanti mai kyau ba ga yawancin masu wannan ciwo. Kada ki fara da ita.

Ba zan ce ki bar sana'a ki kwanta ba. Da na fara aiki nakan ce wa mutane su huta mako biyu, sai na lura abu biyu ke faruwa: mai sana'a ba ta iyawa, sai ta ji kunyar dawowa wurina, wadda ta iya kuma, ranar da ta koma tsayuwa ciwon na nan yana jiranta, ƙafar ma ta ƙara rauni. Abin da ke aiki shi ne rage tsayuwar da ba dole ba. Ki sa kafinta ya yi miki doguwar kujera daidai tsayin teburin, yadda za ki zuba abinci kina zaune ko kina jingine. Yankan albasa, tsintar wake, ɓare ƙwai, gyaran ganye, duk a zaune. Inda kike tsayawa ki shimfiɗa tabarmar roba mai kauri, in babu, kwali ninki uku ko guntun kafet. Ki ajiye ɗan bulo ko guntun katako a gindin tebur, ki riƙa ɗora ƙafa ɗaya, an jima ki canja. Ɗaukar tukunya da jarkar ruwa kuma, 'yarki da ta rubuto wasiƙar nan ta karɓe miki na watannin nan, Allah ya yi mata albarka. A wurin salla ki ninka darduma ko ki sa mai soso. Nafila mai doguwar tsayuwa kuwa, ki tambayi malaminku game da yin ta a zaune kafin ƙafar ta samu.

Da yamma in kin dawo tana zugi, ki cika gorar roba da ruwa ki sa a firiza ta daskare, ki naɗe ta da ɗan ƙyalle, ki zauna ki riƙa mirgina ta da tafin ƙafa minti 10 zuwa 15. Tana rage raɗaɗi, ba ta warkarwa. Ruwan ɗumi da man zafi da muka saba, ki kai su kan sharaɓa ki matsa sosai, a can suka fi amfani.

Bayan mako biyu ko uku, in zafin asuba ya fara sauka, sai a shiga ƙarfafa wurin, domin jijiya ba ta yin ƙwari sai an ɗora mata nauyi daidai gwargwado. Ki samu matakala ko dakali, ki naɗe tawul ki sa ƙarƙashin yatsu yadda za su ɗago sama, diddige yana lilo a waje, hannu a dafe da bango. Ki ɗaga diddige a hankali kina ƙirga uku, ki tsaya a sama ki ƙirga biyu, ki sauko kina ƙirga uku. Ki fara da ƙafa biyu. In ya yi sauƙi ki koma ɗaya. Sau 12, a huta, har zagaye uku, kuma yau a yi gobe a huta. Wannan tsari daga wani gwaji ne da aka yi a Denmak da mutum 48, aka wallafa a 2015: a wata uku masu ɗaga diddige sun riga masu miƙarwa kawai samun sauƙi, ko da yake a ƙarshen shekara duk sun yi daidai. Ma'auninki safiya ce. In kin wayi gari ciwon ya fi na jiya, kin yi yawa, ki rage adadin, kada ki daina.

Magani na sha: farasitamol ba laifi. Ibufurofen da dikulofenak suna rage zafi na 'yan kwanaki, amma masu gyambon ciki, da hawan jini, da ciwon ƙoda su kiyaye su, kuma kowa ma kada ya mayar da su abin karin kumallo. Waɗannan ƙwayoyi da ake ƙullawa a leda ba suna, ana sayarwa a mota ko a tasha wai na ciwon jiki, ki nisance su.

Allurar diddige da aka ba ki shawara, sitiroyid ce, wato wani magani mai ƙarfi na kwantar da kumburi da zafi. Tana aiki, ba na musu, amma sauƙinta na kamar wata guda ne, kuma in aka yi ta maimaitawa tana iya narkar da kitsen da Allah ya shimfiɗa ƙarƙashin diddige, ko ta raunana tsarkiyar har ta tsinke. Wata innata ce ta koya mini wannan da jikinta. Ba ta gaya mini ba, ta je wani wuri aka yi mata har sau huɗu cikin shekara guda, duk lokacin da ciwon ya dawo ta koma. Ranar da na riƙe diddigen, babban yatsana ƙashi ya tarar kai tsaye, fata ce kawai a tsakani. Ciwon farko ya tafi, amma har yau ba ta iya taka tayil ba soso, kuma wannan kitse ba ya dawowa. In har za a yi allura, likita ne zai yi, bayan an ba abubuwan da na lissafa watanni, sau ɗaya, don a samu sararin ci gaba da motsa ƙafar.

Maganar maƙwabciyarki kuma, addu'a ba ta da lokacin da ba ta da amfani, ki yi, a yi miki. Sai dai ki lura ciwon nan yana da agogo: ya zo da takun farko, ya lafa da motsi, ya dawo da doguwar tsayuwa. Halin jijiyar da ta gaji ke nan. Abin da nake roƙonki da girman Allah, kada ki bari a yi miki tsaga ko sakiya ko ƙaho a diddige. Miki a tafin ƙafa yana da wuyar warkewa ga mai tsayuwa cikin ruwa da ƙura, in kuwa akwai ciwon suga a ɓoye, ƙaramar tsaga tana iya jawo asarar ƙafa.

Sai batun nauyi, wanda nake faɗa da girmamawa. In jiki ya ƙaru a shekarun nan, ko kilo kaɗan aka rage diddige zai sani, tunda shi ke karɓar kayan sau dubbai a yini. Ki fara da lemun kwalba da sukarin koko da shayi, da tuwon dare mai nauyi.

Yaushe za a warke? Nan ne haƙuri ke shigowa. Cikin mutum goma, takwas zuwa tara suna samun sauƙi cikin shekara guda ba tare da an yi musu aiki ba. Amma sauƙin a hankali yake zuwa, yawanci sai an yi mako shida zuwa takwas ana yi kullum kafin a ga bambanci na sosai, kuma a mako na biyu mutane suka fi yanke ƙauna. Saboda haka duk ranar Juma'a da asuba ki ba ciwon takun farko maki daga ɗaya zuwa goma, 'yarki ta rubuta a bayan kalanda. Wanda ya sauko daga takwas zuwa shida yakan rantse ba abin da ya canja, sai ya ga rubutun. In wata uku ya cika lambar ba ta motsa ba, akwai matakai na gaba a wurinmu: ɗaurin filasta da ke tallafe bakan ƙafa na 'yan kwanaki, takalmin dare da ke hana ƙafa saki lokacin barci, da na'urar da ke bugun wurin da igiyar sauti. Aiki shi ne na can ƙarshe, ga 'yan kaɗan da suka kai kamar shekara suna duk wannan ba sauƙi.

Akwai alamomin da in kin ga ɗaya daga cikinsu, ba jiran wata uku. In tafin yana dindiris, ko zafi kamar barkono, ko kamar kiyashi na tafiya, wannan ya fi kama da jijiyar ji da ta matsu, ko taɓin ciwon suga. In ciwon yana tashinki daga barci ko ba ki taka ba. In diddigen ya kumbura, ya yi ja ko zafi, ko da zazzaɓi. In kin matse ƙashin diddige ta gefe biyu da tafin hannu ya yi ciwo sosai, domin ƙashin kan yi ƙaramar tsagewa saboda yawan taku. In kin taɓa jin wani abu ya yi ɗas a tafin, ya biyo da kumburi da kasa takawa. Ko in diddige biyu ne tare da taurin baya da safe da ciwon wasu gaɓoɓi. Kowanne daga cikin waɗannan, ki ɗauki katin inshorar lafiyarki ki je asibitin Manhyia da ke kusa da ku, ko Komfo Anokye, inda akwai sashen ƙashi da na gashin ƙashi.

Ko babu ɗaya daga ciki, a shekarunki ina so a auna sugan jininki da hawan jini, kuma wani mai irin aikina ya riƙe ƙafar sau ɗaya ya ga yadda kike miƙarwar, don da yawa suna jan kan yatsu ne maimakon gindinsu. In za ki je, ki tafi da hoton da aka ɗauka, ki kuma sa silifas ɗin da kike tsayuwa da shi a leda ki tafi da shi. Yadda ƙasansa ya cinye zai nuna masa ta wane gefe kike ɗora nauyi.